Darasin CRK a firamare: A ba yaro matsala kafin a ba shi aya

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen makarantar firamare da safe a Jos, Kafanchan, Numan ko Zuru ya san wannan sautin. Malama na tsaye a gaban allo tana faɗar aya, yara sittin ko saba'in na amsawa da murya ɗaya, har mai wucewa a kan titi ma zai iya haddacewa.

Ranar Juma'a a yi gwaji, yawancinsu su ci. A ƙarshen zango a rubuta maki 80 ko 90 a gaban darasin Ilimin Addinin Kirista, wanda aka fi sani da CRK ko CRS, iyaye su ga katin sakamako su yi murna.

Amma da an kaɗa ƙararrawar tara sai wani labarin ya fara. Yaron da ya jero Dokoki Goma ba tuntuɓe, shi ne zai tsinci naira 200 ta ɗan ajinsu ya soke a aljihu. Yarinyar da ta ci gasar ayar hadda, ita ce za ta ja ƙawayenta su ƙaurace wa baƙuwar da aka kawo ajin daga ƙauyen da aka kai wa hari, don ba ta da takalmi kuma Turancinta bai fita.

Ba za a ɗora wa yaran laifi ba, kuma ayar ba ta rasa daraja ba. Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar koyarwa. An miƙa wa yaro amsa tun bai san tambayar ba, sai ya ajiye ta a kansa ya jira ranar jarrabawa. Babu wanda ya taɓa sa shi a halin da zai buƙaci ayar kafin ya yanke shawara.

Akwai hanyar da ke juya wannan tsari. Masana ilimi na kiranta koyarwa ta hanyar warware matsala: a fara da wata matsala irin ta rayuwar yaro, a bar shi ya yi ta juya ta tare da 'yan ajinsu, sannan a kawo Littafi Mai Tsarki a matsayin abin da zai haska masa hanya. Lokaci ya yi da makarantun gwamnati da na coci a Arewa za su ba wannan hanya gurbi a darasin CRK.

Sanin doka daban, aiki da ita daban

Wannan kukan ba yau aka fara shi ba. Tsakanin 1928 da 1930, wasu masana biyu a Amurka, Hugh Hartshorne da Mark May, sun wallafa sakamakon wani babban bincike da suka yi kan yara sama da 10,000. Sun ba su jarrabawa da wasanni da ƙananan ayyuka, waɗanda a cikinsu akwai damar yin maguɗi ko ƙarya ko ɗauke kuɗi ba tare da yaro ya san ana lura da shi ba.

Abin da suka gano ya girgiza masu koyar da tarbiyya na wancan zamani. Alaƙar da ke tsakanin sanin daidai da aikata daidai ba ta da ƙarfi. Zuwa makarantar Lahadi ma bai kawo wani bambancin a zo a gani ba wajen maguɗi. Yaro ɗaya kan iya yin gaskiya a aji ya yi ha'inci a filin wasa. Kuma Hartshorne ba mai adawa da addini ba ne, shi kansa malamin ilimin addinin Kirista ne.

A 1973 kuma wasu masana halayyar ɗan'adam, John Darley da Daniel Batson, suka wallafa wani gwaji da suka yi da ɗaliban makarantar horar da fastoci ta Princeton. An ce wa kowane ɗalibi ya je wani gini ya yi ɗan jawabi. Wasu daga cikinsu jawabin nasu a kan misalin Basamariye mai tausayi ne. A kan hanya an ajiye wani mutum a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai yana tari yana nishi.

Cikin waɗanda aka ce musu akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 sun tsaya sun taimaka. Cikin waɗanda aka ce musu sun makara, kashi 10 kacal suka tsaya. Batun da ɗalibi zai yi jawabi a kansa bai canza lissafin sosai ba. Wasu ma tsallake mutumin suka yi, suna sauri su je su yi wa'azi a kan taimakon wanda ya faɗi a hanya.

Idan haka ta faru da manya masu shirin zama fastoci, ina ga ɗan shekara tara? Hali na buƙatar atisaye. Wanda bai taɓa gwada tsayawa ba, ko da a cikin aji ne, da wuya ya tsaya ranar da abin ya zo da gaske.

Daga ajin likitoci ta fito

Koyarwa ta hanyar warware matsala ta samu suna ne a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Hamilton a Kanada, wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1969. Malaman wurin sun lura cewa ɗalibi kan haddace littattafai shekara da shekaru, amma da an kai shi gaban maras lafiya sai ya rasa ta inda zai fara.

Sai suka sauya tsari. A raba ɗalibai ƙananan rukunoni, a ba su labarin wani maras lafiya tun kafin a yi musu lacca. Su fitar da abin da suka sani, su gano abin da ba su sani ba, su je su nemo, su dawo su tattauna. Malami na zaune tare da su yana jefa tambaya, ba ya yanke musu hanzari da amsa.

Howard Barrows, wani likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, na cikin waɗanda suka fi yaɗa tsarin. Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ta ɗauke shi a shekarun 1970, daga nan ya bazu zuwa fannin injiniya da shari'a, ya gangaro har makarantun sakandare da firamare.

Cutar da likitocin suka gano ita ce ke damun darasin CRK a yau: ilimi na cikin kai, bai sauko hannu ba.

Ai hanyar tana cikin Littafin

Wani fasto ko mai makaranta zai iya cewa wannan dabarar Turawa ce, me ya haɗa ta da koyar da maganar Allah? Amsar tana cikin littafin da ake koyarwar da shi.

A cikin 2 Sama'ila sura 12, lokacin da Sarki Dauda ya aikata babban laifi, Natan bai fara da karanta masa doka ba. Matsala ya kawo masa. Wani attajiri mai garken tumaki ya yi baƙo, maimakon ya kama daga nasa garken, sai ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta maƙwabcinsa talaka ya yanka. Dauda ya fusata ya yanke hukunci mai tsanani, sai a lokacin aka nuna masa cewa kansa ya yanke wa.

A cikin Luka sura 10, wani masanin Attaura ya nemi Yesu ya fayyace masa ko wane ne maƙwabci. Yesu bai ba shi ma'anar kalma ba. Ya ba shi labarin matafiyin da 'yan fashi suka yi wa duka suka bar shi a kan hanyar Urushalima zuwa Yariko, da mutum uku da suka biyo ta wurin. A ƙarshe ya mayar wa mai tambayar da tambayarsa, ya bar shi ya furta amsar da bakinsa.

Haka misalin ɗan da ya ɓarnatar da gadonsa a Luka sura 15 yake. Labarin ya ƙare wansa na tsaye a waje cikin fushi, uban na lallashinsa, kuma ba a faɗi ko ya shiga gidan ko bai shiga ba. An bar wa mai sauraro ya ƙarasa. Misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura 20, inda wanda ya yi aikin awa ɗaya ya karɓi lada daidai da wanda ya wuni a rana, har gobe yana iya tayar da gardama a kowace majalisa.

Abin takaicin shi ne yadda ake mayar da waɗannan misalai tambayoyin cike gurbi. Mutum nawa suka wuce? Dinari nawa Basamariye ya ba mai masauki? Yaro ya rubuta "biyu" ya ci makinsa, labarin da aka yi don ya hana mutum barci ya koma lissafi.

Yadda darasin zai kasance a aji huɗu

A ɗauka cewa malama ta shigo aji ranar Litinin, maimakon ta rubuta "Gaskiya" a allo ta ja layi, sai ta ba da wannan labarin:

Wata yarinya ta ajiye kuɗin tara, naira 200, a cikin jakarta. Da aka tashi ta duba ba ta gani ba. Wani yaro ya ga wanda ya ɗauka, kuma babban amininsa ne. Ya san cewa aminin nasa bai ci komai ba tun jiya da rana, don babansu na kwance ba lafiya. Malamin ajin kuwa ya riga ya kama wani yaro da aka sani da rashin ji, ya ce gobe za a yi masa bulala a asambuli. Me ya kamata yaron da ya gani ya yi?

Kafin ta rufe baki hannuwa za su tashi. Wani ya ce ya faɗa. Wata ta ce ai cin amana ne. Wani ya ce ya biya kuɗin da nasa ya yi shiru. Wata ta tambaya, to wanda za a doka fa?

Nan aikin malama yake. Za ta raba su rukuni-rukuni, mutum shida ko takwas, ta rubuta tambayoyi uku a allo: Me muka sani? Me ba mu sani ba? A ina za mu samo? Kowane rukuni na da mai rubutu da mai magana, kuma ana juya muƙaman don kada masu baki su mamaye.

Daga nan ta aike su gida da tambayar. Su tambayi kaka, su tambayi baba, su tambayi malamin makarantar Lahadi. Yaron da bai taɓa kawo zancen makaranta gida ba, ranar sai ya hana kowa cin tuwo.

A darasi na biyu ne Littafi Mai Tsarki zai fito. Malama ta ba kowane rukuni wuri guda ya karanta. Wasu su duba Fitowa sura 20, inda aka hana sata aka kuma hana shaidar zur. Wasu su karanta labarin Zakka a Luka sura 19, wanda ya ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Wasu su karanta Rut sura 2, su ga yadda doka ta bar wa matalauci damar yin kala a gonar mai hali.

Yanzu yaran na karanta ayar ne da yunwar amsa. Za su gano da kansu cewa sata sata ce ko da yunwa ce ta kawo ta, cewa shirun da zai sa a doki maras laifi ɗan'uwan shaidar zur ne, cewa tuba na tafiya da mayar da abin mutane, kuma cewa ajin da ke da mayunwaci a cikinsa shi ma akwai tambayar da zai amsa.

A darasi na uku kowane rukuni ya nuna mafitarsa, da baki ko da ɗan wasan kwaikwayo. Wani rukunin zai ce yaron ya je wurin amininsa tukuna, ya ce masa: "Abokina, zo mu je wurin Malam tare, ba zan bar ka kai kaɗai ba." Sauran su yi musu tambayoyi. Malama ta ɗaure zancen da koyarwar addini a fili, ta ba su ayar hadda.

Sai mataki na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi: me ajin zai yi? Wataƙila su yanke cewa ba wanda zai ci abincin tara shi kaɗai alhali na kusa da shi na kallo. Bayan mako biyu a dawo a tambaya, an yi ko ba a yi ba? Me ya hana?

Duk wannan bai ci kuɗin kwamfuta ko janareta ba. Alli ne da allo da malamar da ta shirya.

Tambayar maƙwabci a Jos da Kaduna

Akwai dalilin da ya sa wannan batu ya fi nauyi a Arewa. Tun bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na Satumbar 2001, unguwanni suka rabu. A Kaduna, kogi ya zama kamar iyaka tsakanin Rigasa da Tudun Wada a gefe guda, da Sabon Tasha da Television a ɗaya gefen. A Jos kowa ya san bambancin Unguwar Rogo da Unguwar Rukuba.

Yaran da ke firamare yanzu, iyayen wasunsu ma a cikin wannan rabuwa suka tashi. Akwai ɗan shekara goma da bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya sani game da mutanen tsallake shi ne abin da ya ji manya na faɗa a tsakar gida da daddare.

Irin wannan yaron idan aka karanta masa misalin Basamariye, zai ɗauka "Basamariye" na nufin mutumin kirki kawai. Bai san cewa Yahudawa da Samariyawa ba sa ga-maciji a wancan zamani ba. Firist da Balawe, mutanen gida kuma ma'abota ibada, su ne suka ratse suka wuce. Wanda ya tsaya ya ɗaure raunukan, ya ɗora majinyacin a kan dabbarsa, ya biya kuɗin masauki, ɗan wancan ɓangaren ne.

Malamin Filato ba ya buƙatar zuwa Yariko neman misali. A watan Yunin 2018, lokacin da aka kai hare-hare a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutane sama da 200, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi a kan haka.

Ga matsala ga 'yan aji shida: mutanen da ba addininku ɗaya ba sun rugo ƙofar gidanku ana bin su. Idan aka buɗe, gidan na cikin haɗari. Idan aka rufe, an san abin da zai faru. Me za ku so babanku ya yi? Me ya sa? Bayan sun gama muhawara a ba su labarin limamin, sannan a buɗe Luka sura 10. Yaron da ya bi ta wannan hanya ba zai sake jin kalmar maƙwabci yadda yake jin ta a da ba.

Shi ya sa batun bai tsaya ga iyaye Kiristoci kaɗai ba. Yarinyar da ke ajin CRK a yau ita ce nas ɗin da za ta karɓi haihuwa a asibitin gwamnati gobe, yaron kuma shi ne ɗan sandan da zai tsaya a shingen hanya. Kuma hanyar ba mallakin addini ɗaya ba ce. Malaman fiƙihu sun daɗe suna koyarwa da mas'ala, kuma malamin darasin addinin Musulunci na firamare na fama da irin wannan tazara tsakanin hadda da hali.

Ƙorafe-ƙorafen da ke da tushe

Masu shakka na da hujjoji, kuma wasunsu masu ƙarfi ne.

Na farko cunkoso. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a makarantun gwamnati da dama ana samun ninkin haka ko fiye. Ta yaya za a yi rukunoni a ajin da ko wurin taka ƙafa babu? Gaskiya ne da wuya. Sai dai benci biyu idan suka juyo suka fuskanci juna sun zama rukuni, kuma gindin bishiya ma aji ne. Ba kowane darasi za a yi haka ba. Matsala uku ko huɗu a zango, idan an yi su da kyau, sun isa a fara.

Na biyu shekaru. A 2006 wasu masana uku, Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark, sun wallafa wata muƙala da ta yi fice, inda suka ce barin sabon ɗalibi ya lalubo ilimi da kansa ba tare da jagora sosai ba ɓata lokaci ne, don ƙwaƙwalwarsa ba ta da tubalin da za ta yi gini a kai. Wasu masanan sun mayar da martani a 2007 cewa koyarwa ta hanyar warware matsala, idan an yi ta yadda ya dace, cike take da jagorancin malami.

Darasin da ke cikin wannan muhawara a bayyane yake. Abin da ya yi wa ɗalibin likitanci daidai ba zai yi wa ɗan aji biyu ba. Daga aji ɗaya zuwa uku, gajeren labari da tambaya ɗaya da ɗan wasan kwaikwayo sun wadatar. Daga aji huɗu zuwa shida ne za a shiga rukunoni da bincike. Kuma kada a yar da hadda. Yaron da bai san labarin Zakka ba, ba shi da abin da zai ɗauko. Abin da ake nema shi ne a sauya mata wuri, ta zo bayan yaro ya ji ƙishirwarta.

Na uku tsoron kada darasin addini ya koma "kowa da ra'ayinsa". Wannan tsoron na iyaye da fastoci ne, kuma ya cancanci amsa. Ba ana sa yara su jefa ƙuri'a kan ko sata halal ce ba. Dokar na nan daram. Abin da suke koyo shi ne yadda ake riƙe gaskiya da jinƙai a hannu ɗaya ranar da suka zo kamar suna karo da juna, wanda shi ne abin da manya ma ke faɗuwa a kai. Malamin da ya bar aji ya watse ba tare da ya ɗaure zancen ba, bai gama darasinsa ba.

Na huɗu haɗarin cutar da yaro. Kada malami ya ɗauki laifin wani yaro na gaske a ajin ya mayar da shi abin muhawara, wannan tozarci ne. Kada a sa yara tona asirin gidajensu. A garin da aka taɓa kai hari, akwai yaran da suka ga abin da bai kamata su gani ba, don haka matsala irin ta Barikin Ladi sai malamin da ya san ajinsa sosai, kuma da sanin iyaye.

Haka nan kada a mayar da darasin filin sukar addinin wasu. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Darasin CRK na yaran Kirista ne, kuma aikinsa gyara nasu halin.

Wa zai yi me?

A 2017 an yi ta ce-ce-ku-ce a ƙasar nan kan manhajar da ta haɗa darussan addini da na zamantakewa a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta nuna rashin amincewa, daga bisani Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar tsara manhaja ta NERDC ta raba su, kowane ya tsaya da ƙafarsa.

An yi nasarar kare gurbin darasin a jadawali. Amma ƙarfin da aka sa a wancan faɗan, ko rabinsa ba a sa ba wajen tambayar abin da ke faruwa a cikin minti 30 ko 35 ɗin da aka ƙwato.

Aikin farko na kwalejojin ilimi ne, irin su Gindiri da Gidan Waya da Hong da Zing. Ɗalibin NCE da aka koya wa CRS ta hanyar kwafar rubutun lacca, kwafar rubutu zai koyar. Kafin ya fita koyarwar gwaji, ya kamata ya rubuta aƙalla matsala biyar da suka dace da garinsu, ya gwada su a gaban 'yan ajinsu.

Na biyu na coci-coci ne. ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da Katolika da Anglika duk suna da makarantu da sassan ilimi, kuma ba sa buƙatar izinin Abuja kafin su gwada sabon salon koyarwa. Coci-cocin da suka gaji Wusasa da Garkida da Gindiri, inda aka fara karatun boko a yankuna da dama na Arewa, bai kamata ɗan littafin matsaloli 30 ya gagare su ba. A rubuta shi da Turanci da Hausa, don yaro ya fi iya gardama da harshen da yake faɗa da shi a filin wasa, kuma Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932.

Na uku na masu tsara jarrabawa ne da hukumomin SUBEB na jihohi. Muddin jarrabawa sunaye da lambobi kawai take tambaya, sunaye da lambobi malami zai koyar, kuma ba za a ga laifinsa ba. Tambaya ɗaya a kowace takarda, mai ba da gajeren labari ta ce "me ya kamata a yi, kuma wane wuri a Littafi Mai Tsarki ne ya nuna haka?", za ta sauya abin da ke faruwa a aji fiye da bita goma.

Na huɗu na iyaye ne. Idan yaro ya dawo da irin wannan tambaya, kada a kore shi da "je ka tambayi malaminku". A zauna a ji ta bakinsa. Wani lokacin tambayar za ta taɓa uban da kansa, kamar yadda ta Natan ta taɓa Dauda.

Na ƙarshe, kuma mafi wuya, na makarantar ce gaba ɗayanta. Yaro ya fi kallon hannun malami fiye da sauraron bakinsa. Makarantar da ke koyar da gaskiya ranar Talata, sannan ta rubuta wa 'yan aji shida amsa a allo ranar jarrabawar fita, ta riga ta ba su darasin da ya fi kowane zama a kansu. Babu dabarar koyarwa da za ta goge wannan.

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekara shida yaro ke yi a firamare, kuma da yawa daga cikinsu iyakar karatun ke nan. Malamar da ke son gwadawa ba sai ta jira sabuwar manhaja ko taron bita ba. Ranar Litinin mai zuwa ta shiga aji da labarin naira 200, ta rufe littafin na ɗan lokaci, ta tambayi yaran me za su yi.